Gaɓoɓina sun lafa, amma zuciyata ta ƙi sauka: wannan ma yana cikin ciwon ne?

Mai tambaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ba tare da na sa baki ba, sai yau na ga gara in amayar da abin da ke cina, ko a dace da wanda ya taɓa bin wannan hanya.

Shekara huɗu ke nan da likita ya tabbatar mini ina da amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. A shekarar farko nakan yi fiye da awa guda bayan na tashi da safe yatsuna suna sandare, ko alƙalami ba na iya riƙewa, ni kuwa koyarwa ce sana'ata. An ɗora ni a kan methotrexate sau ɗaya a mako tare da wasu magunguna, kuma ba zan yi musu butulci ba, sun yi aiki. Kumburin ya ragu, gwajin jini yana fitowa da kyau, a ganinmu na ƙarshe ma likitan har murmushi ya yi yana cewa mun kama bakin zaren.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na fito daga ɗakinsa babu ko ɗigon farin ciki a raina. Watanni ke nan ina farkawa wajen ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa, na daina karatun da a da ba na iya kwana ban yi ba, kuma idan waya ta yi ƙara sai in kifa ta. Makon jiya ƙaramin ɗana, mai shekara biyar, ya kawo mini rigarsa in ɓalla masa maɓallai. Na yi uku, na huɗun ya gagare ni, sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, bar shi kawai, zan kai wa Baba." Bai faɗa da wata manufa ba. Amma na shige banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni, na yi kukan da ban yi ba ko a ranar da aka faɗa mini sunan cutar.

Duk wanda ya ce mini ya jiki, sai in ce da sauƙi, domin amsar da harshe ya saba ke nan. Masu ƙaunata kuma sukan ce ai ban yi kama da marar lafiya ba, ko su tuna mini cewa akwai waɗanda suka fi ni shan wuya. Gaskiya suke faɗa, sai dai gaskiyar tasu nauyi take ƙara mini, saboda yanzu bayan baƙin cikin har da kunyar yin baƙin cikin nake ɗauke da ita. Zan kuma faɗi abin da ban gaya wa kowa ba: sau biyu na tsallake maganin mako ina sane, ba mantuwa ba ce, na gaji ne kawai da zama majinyaciya.

Tambayata ita ce, shin wannan rashin godiya ne da raunin zuciya, ko kuwa abu ne da ake kai wa likita? Idan ana kai wa, da waɗanne kalmomi zan fara, alhali shi gaɓoɓina kawai yake dubawa?

Wani dattijo da ake yi wa wankin ƙoda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni na yi shekara goma sha shida da ciwon suga, shida na ƙarshe kuma a kan na'urar wankin ƙoda nake, sau uku a mako, awa huɗu a kowane zama. Don haka ba daga nesa nake miki magana ba.

Abin da kika kira ɗaure kai, ni ban ga abin mamaki a cikinsa ba. A shekarar farko mutum ba ya samun sukunin baƙin ciki, domin yana fafutuka ne: neman sunan cutar, neman maganin da zai karɓe shi, koyon lokutan sha. Sai ƙura ta lafa, likita ya ce komai ya daidaita, sannan zuciya ke samun sarari ta fahimci cewa wannan daidaituwar ita ce iyakar abin da za a samu, kuma mutumin da kake a da ba zai dawo ba. Ni nawa ya same ni ne wata rana da zafi ya yi tsanani, ina zaune ina kallon jikana ya ɗaga kofin ruwa ya shanye a tashi ɗaya, ruwan yana gangarowa ta gefen bakinsa, ni kuma an ƙayyade mini abin da zan sha a yini, sai dai in riƙa tsotsar ƙanƙara. Wallahi hassadar yaro ɗan shekara bakwai na ji. Na yi kwanaki ina ƙyamar kaina a kan wannan.

A farkon jinyata an ba ni wata takarda mai ɗauke da matakai biyar da aka ce majinyaci yana bi: inkari, fushi, ciniki, baƙin ciki, sannan amincewa. Daga baya na gano cewa wata likita ce, Elisabeth Kübler-Ross, ta fitar da su a 1969, kuma daga hirarrakinta da marasa lafiyar da suka kusa rasuwa ta samo su, ba daga irinmu da za mu yi shekaru muna rayuwa da cuta ba. Ita kanta daga baya ta bayyana cewa ba a jere suke zuwa ba. Na faɗi wannan ne saboda takardar nan ta cutar da ni. Duk lokacin da fushi ya dawo mini bayan na zaci na amince, sai in ɗauka na faɗi jarrabawa an mai da ni baya. Alhali haka abin yake tafiya. Na amince da ciwona ya fi sau hamsin, kuma duk ranar da jijiyar da aka haɗa mini a hannu ta toshe, ko wani da muke zama kusa da juna a ɗakin wanki ya daina zuwa, sai in sake daga farko.

Shawarata ɗaya ce, kuma ƙarama. Ki ci gaba da cewa da sauƙi ga jama'a, wannan ladabi ne, babu laifi a cikinsa. Amma ki ware mutum ɗaya ko biyu, ki gaya musu a fili cewa su ba za ki riƙa ce musu da sauƙi ba sai in da sauƙin, kuma ba shawara ko nasiha kike nema a wurinsu ba, kunne kawai. Ni matata ce da wani abokina. Batun tsallake magani kuwa, na yi shi, na tsallake zaman wanki guda, na kuma kwana a asibiti numfashi yana neman gagarata. Kada ki ɓoye wa likitanki wannan.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta amsa:

Malama, sannu da jiki. Ina aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tun farko zan ce ba a tantance cuta ta rubutu. Amma abin da kika zayyana ya isa a kai wa likita, har ma ya kamata a kai da wuri.

A 2009 hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da jagora na musamman a kan ciwon damuwa ga manya masu fama da cuta mai daɗewa, inda ta nuna cewa ana samunsa a cikinsu ninki biyu zuwa uku fiye da masu ƙoshin lafiya. Dalilan suna da yawa kuma a sarƙe suke. Akwai asarar da mutum ya yi ta ƙarfi da aiki da matsayinsa a gida. Akwai raɗaɗi da rashin barci, waɗanda kowannensu ke rura ɗan'uwansa. Akwai kumburin da ke cikin jiki shi kansa, domin sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa suna taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ko mura mai ƙarfi ta kama mutum sai ya ji ba ya son magana da kowa. Sannan akwai magunguna. Ba ki faɗi sauran da kike sha ba, amma idan akwai prednisolone a ciki, sananne ne cewa yana iya hana barci ya kuma jirkita yanayin zuciya. Kada ki dakatar da shi da kanki, domin yanke shi farat ɗaya yana da haɗari, sai dai ki tambaya. Haka nan ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu irin ciwonki, da raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayroyid, duk suna kawo kasala mai kama da damuwa, kuma gwajin jini mai sauƙi yana nuna su.

Wahalar da muke sha a wurin aiki ita ce gajiya da rashin barci da rashin cin abinci suna cikin alamomin damuwa, suna kuma cikin alamomin cutar jiki, don haka sai kowa ya jingina su ga gaɓoɓi ya wuce. Saboda wannan ne muka fi sa ido a kan abubuwan da amosani ba ya kawowa da kansa: mutum ya daina jin daɗin abin da yake so, ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyalinsa, ya yanke ƙauna. Ma'aunin da aka saba shi ne a ce hakan ya ɗauki aƙalla mako biyu, kusan kullum, har yana taɓa harkokin yau da gobe. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, ba ta cin minti biyar, kuma kina da damar neman a ba ki ita.

Batun tsallake maganin shi ne ƙofar da zan so ki shiga ta ita, domin babu likitan da zai ji shi ya yi biris. A 2000 Robin DiMatteo da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a baya, suka gano cewa majinyaci mai damuwa ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar kauce wa umarnin likita har ninki uku. Wato wannan halin da kike ciki yana iya rushe nasarar da yake murna da ita. Ki ce masa, "Likita, gaɓoɓina sun yi sauƙi, amma watanni ke nan ba na barci, ba na jin daɗin komai, har na tsallake magani sau biyu ina sane." Ki faɗa da zarar kin zauna, kafin ya buɗe sakamakon gwaji. Ina faɗin haka ne da sanin laifinmu: ganin likita gajere ne, lambobi kuma sun fi sauƙin dubawa a kan fuskar mutum, sau da yawa sai majinyaci ya kama hannun ƙofa sannan yake faɗin abin da ya kawo shi.

Game da magani, akwai na zama a tattauna da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum kama tunanin da ke ja da shi ƙasa ya auna shi, akwai kuma na sha. Na shan ba ya aiki a rana ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma ana so a ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Dole wanda zai rubuta miki ya san duk abin da kike sha, domin haɗa wasu magungunan damuwa da masu rage kumburi irin su ibuprofen yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Abu na ƙarshe, kuma ki yi haƙuri da tambayar, muna yi wa kowa ita. Idan tunanin cewa gara ba ki raye ya taɓa zuwa miki, ko na cutar da kanki, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki gaya wa wani na kusa da ke yau, ku je asibiti tare.

Wata mai ciwon sikila ta amsa:

Yaya, sannu. Na yarda da abin da ma'aikaciyar lafiya ta faɗa, amma ina da ɗan ja a gefe guda, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da ciwona aka haife ni, ban san wata rayuwa kafin shi ba. Ranar da aka rubuta kalmar damuwa a fayil ɗina, a wani asibiti da ba zan ambata ba, daga ranar wasu ma'aikata suka fara kallon raɗaɗina da wani ido. Na taɓa zuwa cikin dare ƙasusuwana kamar ana sara su, wani ya duba fayil ɗin ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna a gida. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka nuna cewa saƙon raɗaɗi ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai abin da ke ƙara shi ko rage shi a hanya, har da halin da zuciya ke ciki. Wannan gaskiya ne, ni shaida ce, domin daren da nake cikin fargaba ciwon ya fi cizo. Amma wasu sun mai da wannan ilimi hujjar cewa ciwon a kai yake. Don haka ki faɗa, amma ki tsaya a kan cewa a duba duka biyun, kada ɗaya ya cinye ɗaya.

Kuma ba kowane kuka ne cuta ba. Uwar da ta kasa ɓalla wa ɗanta maɓalli ta yi kuka, ni ban ga abin da ya lalace a kanta ba. Wani masanin zamantakewa, Michael Bury, ya yi hira da masu irin amosaninki a Ingila, ya rubuta a 1982 cewa cuta mai daɗewa tana katse wa mutum labarin rayuwarsa ne, duk abin da ya ɗauka tabbas ne game da jikinsa da gobensa sai ya koma abin tambaya. Ƙwaya ba ta ɗinke wannan, ko da ta taimaka wa barci.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne daina biyan bashi. A da, duk ranar da na tashi da ƙarfi sai in yi aikin kwana uku don in wanke kaina daga zargin lalaci, in kwanta kwana huɗu, in tashi da sabon haushin kaina. Yanzu ina tsayawa tun da sauran ƙarfina, ko da aikin bai ƙare ba. Na koyi wani abu kuma daga tsarin da Kate Lorig ta jagoranci ƙirƙirowa a jami'ar Stanford ta Amurka, wanda ake yi mako shida, zama ɗaya a mako, kuma masu fama da cuta irin tamu ne ke jan ragamarsa. A ƙarshen kowane zama mutum zai ɗauki ƙuduri ƙarami guda, ya faɗi abin da zai yi da yawansa da lokacinsa, sannan ya auna tabbacinsa daga sifili zuwa goma, idan bai kai bakwai ba sai ya rage ƙudurin. Da farko na raina abin. Ke da kika daina karatu, kada ki ce za ki koma karatu, ki ce shafi biyu bayan la'asar, kwana uku a mako.

Wani magidanci ya amsa:

Malama, ni matata ce ke jinya, shekara tara ke nan, don haka daga ɗaya gefen gadon nake magana. Na yi shekaru ina ce mata ta yi haƙuri, wasu sun fi ta, kuma ina ganin ƙarfafa mata gwiwa nake yi. Gaskiyar magana, tsoro ne ya cika ni, kuma duk lokacin da ta yi shiru bayan na faɗi haka sai in samu sauƙi ni, ba ita ba. Sai ranar da ta ce mini, "Idan na ce na gaji, kada ka gyara, ka zauna kawai," sannan na gane inda na dosa. Ba ki ambaci mijinki ba sai a bakin yaro. Mai yiwuwa yana jin ƙarar famfon nan, ya kuma san dalilinta, bai dai san ko an ba shi izinin ƙwanƙwasawa ba.

Mai tambaya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar kofin ruwan nan ta tsaya mini a rai, Allah ya ƙara maka sauƙi. Ga ma'aikaciyar lafiya, tunanin cutar da kaina bai taɓa zuwa mini ba, amma na sha jin cewa da babu ni gidan zai fi sauƙin tafiya, kuma zan faɗi wannan ma kamar yadda yake. Prednisolone yana cikin magungunana, wata takwas ke nan da aka ƙara mini shi lokacin da ciwon ya motsa, kuma da na lissafa sai na ga rashin barcin bai daɗe da biyo bayan hakan ba. Ban taɓa haɗa su ba.

Na kira asibiti an matso mini da ranar ganin likita zuwa Talata. Na rubuta jimlar nan a takarda na sa a cikin kwalin maganin mako, don na san halina, ina zama zan ce da sauƙi. Jiya da daddare kuma na miƙa wa maigidana wayar na ce ya karanta daga sama. Ya daɗe yana karantawa, da ya zo kan amsar magidancin nan sai ya ajiye wayar, ya ce sau uku yana zuwa bakin ƙofar banɗakin yana komawa.

Ƙanwata mai sikila, ina da tambaya gare ki. Yaran da suka fara wayo, me kike ganin ya dace a gaya musu? Babbar 'yata shekararta goma sha ɗaya, kuma na lura ta fara ɓoye mini takardun makaranta masu buƙatar sa hannu idan ta ga yatsuna sun kumbura.